Yadda ake neman gida mai sashe biyu a Jidda: kai a ƙasa, ɗan haya a sama

Tun da aka rushe Ghulail, Karantina, Sabil da sauran tsofaffin unguwanni tsakanin 2021 da 2022, mutanenmu da dama suka ɗanɗani tsadar haya a Jidda. Shi ya sa duk wanda ya tara ɗan abin hannu yake mafarkin gidan da zai zauna a sashe ɗaya, ɗaya sashen kuma yana taya shi biyan bashin banki.

Fara da sanin matsayinka. In kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, ka shiga Sakani, manhajar gidaje ta gwamnati, ka karɓi shaidar gidan farko, domin gwamnati na ɗauke maka harajin cinikin gida na kashi 5 cikin ɗari a kan riyal miliyan ɗayan farko. Banki kuma na iya ba ka har kashi 90 na kuɗin gidan. Mai iƙama kuwa, sabuwar dokar mallakar baƙi ta fara aiki a Janairun 2026, kuma Makka da Madina na da nasu sharuɗɗan daban, don haka ka tabbatar an yarda ka saya a wurin kafin ka ɓata takalminka.

Sai kuma sunan abin da kake nema, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. In ka ce wa dillali dubleks, gida biyu manne da juna zai kai ka, ya sayar maka da ɗaya, kuma galibi matakalarsa a tsakiyar falo take, wadda suke kira daraj sala. Wa zai ba baƙo haya ya riƙa ratsa falon iyalinsa? Abin da za ka rubuta a Aqar, manhajar tallan gidaje, shi ne daur wa shaƙƙatain, wato ƙasa naka, ɗakunan haya biyu a sama, ko daurain mafsula, wato hawa biyu a rabe. Matakala ta zama a gefe, ƙofar kowa daban. Uwargida ta tafi tare da kai ranar dubawa. Ita za ta hango tagar da ke leƙen tsakar gida, abin da kai ba za ka lura da shi ba sai kun tare.

Kana shiga, bar kallon fenti. Ƙirga mitar wuta: kowane sashe da tasa? Tankin ruwa fa, ɗaya ne ko biyu? Lokacin zafi na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuma mita ɗaya tsakanin gida biyu rigima ce ta kowane wata. Tambayi maƙwabta ko ruwa na zuwa a kai a kai ko sai an kira tankar ruwa. Ka kuma tambayi inda ruwan sama ke bi. Wanda ya ga abin da ambaliyar Nuwamban 2009 ta yi wa unguwar Ƙuwaiza ba ya sayen gida a kwari don araha.

Takarda ta fi ƙarfin rantsuwar kowa. Sakk na lantarki, wato takardar mallakar gida, ya kasance da sunan mai sayarwa, ba jingina a kansa, ba magada da ba su sa hannu ba. Lasisin gini ya nuna adadin sassan da ke tsaye, don wasu kan ƙara ɗaki a rufi ba da izinin baladiyya, wato hukumar birni, ba. Dillali ya nuna maka lasisin Fal, wato izinin dillancin gidaje. La'adarsa kashi 2.5 ce in ba ku rubuta wani abu daban ba. Ɗauki injiniya ya duba gini kafin ka ba da kafin alƙalami.

Wajen lissafi, ni hayar wata goma nake ƙirgawa a shekara, biyun na gyara ne da zaman jiran sabon ɗan haya. In albashinka ba zai iya ɗaukar biyan banki shi kaɗai na 'yan watanni ba, nemi ƙaramin gida.

Ranar da ɗan haya ya samu, ko ɗan ƙanwar mahaifiyarka ne, ku rubuta yarjejeniya a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya. Wadda aka yi wa rajista a can ita kotun zartarwa ke karɓa kai tsaye, kuma kuɗin ma ta nan zai riƙa shigowa, ba sai ka hau bene kana sallama da "Alhaji, wata fa ya yi nisa" ba.