Yadda ake haɗa zaman ɗanɗanon shayi da cuku a gida

Masu yawan tambayata yadda nake shirya wannan zama a garin Tawa na Nijar, ga matakan.

1. Ka sayo cuku iri biyu: sabo mai laushi da busasshe. In ka samu na Abalak, wani gari a jihar Tawa, ka more.
2. Ka shinshina kowane falle. Mai warin tsami ko ɗigon funfuna, ka bar shi.
3. Ka gayyaci mutum biyar zuwa shida, bayan la'asar.
4. Ka hura gawayi, ka ɗora butar shayi.
5. Ka kakkarya cukun ƙanana, kowane iri a farantinsa.
6. Ka ɗan gasa busasshen a kan garwashi.

Hattara: a nan ake ɓata shi. Falle ne siriri, da ya fara kumbura ka janye. In ya ƙone, ɗaci ne kawai.

7. Ka fara ba da sabon cukun, haka nan, ba shayi.
8. Shayin farko mai ɗaci, ka haɗa shi da gasasshen. A ganina a nan daɗin yake.
9. Ka zagaya da ruwa a kurkure baki.
10. Shayi na biyu, a tsoma busasshen ya jiƙa.
11. Na uku, ka rage sukari, kada zaƙi ya danne cukun.