Gam ɗin da ya dace da bakin tiyon bakum, da inda bai kamata a shafa shi ba

Mota za ta shigo gareji tana rawa a silo, ko silon ya hau sama ya ƙi saukowa, ka ɗaga bonet ka kasa kunne, sai ka ji wani siririn tsaki daga gefen manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silindodin inji. Injin yana shan iska ke nan ta inda bai kamata ba. Abin da mai motar zai fara tambayata shi ne, "Malam, wane gam za a shafa?" Ni kuma nakan ce masa, "Alhaji, bari mu fara duba tiyon tukuna." Gam yana da wurinsa a wannan aiki, amma wurin ƙarami ne, kuma wanda bai san iyakarsa ba yakan jawo wa motar ciwon da ya fi na farko tsada.

Injin fetur idan yana silo, totur kusan a rufe yake, fistin kuma suna ta zuƙa, sai matsin iskar da ke cikin manifol ya faɗi ƙasa da na waje. Wannan zuƙar ita muke kira bakum. Lafiyayyen inji yakan nuna inci 17 zuwa 21 a agogon gwajin bakum, kodayake a gari mai tudu kamar Jos yakan ragu da inci 3 zuwa 4, kuma wannan ba ciwo ba ne. Daga manifol ɗin ake jan tiyoyi zuwa bustar birki, da sensar MAP mai auna matsin iskar manifol, da bawul ɗin PCV mai janyo tururin baƙin mai daga cikin inji, da bawul ɗin da ke shigo da tururin fetur daga tanki. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a cikin waɗannan tiyoyi ja ake yi ciki, ba turawa waje ba. Duk gam ɗin da ya yi yawa a bakin tiyo, cikin inji zai nufa. Na sha cire tiyon sensar MAP in tarar da ɗan dunƙulen silikon ya toshe ramin, ramin da bai wuce kaurin tsinken ashana ba.

Kamfanin da ya ƙera motar bai sa gam a bakin tiyo ba. Abin da ke hana iska shiga shi ne robar da ta matse bakin ƙarfen da kyau, da kilif ɗin da ya riƙe ta. To zafin garinmu, a watan Afrilu ma'auni na kaiwa 40 a inuwa balle ƙarƙashin bonet, shi ke dafa robar har ta bushe. Ka matsa ta tsakanin yatsu biyu. In ta lotsa ta dawo, da sauran rai. In ka ji ta ƙandare kamar busasshen kara, ko ka lanƙwasa ta ka ga ƙananan tsaga a bakinta, babu gam ɗin da zai cece ta. In bakin ne kawai ya buɗe kuma tiyon na da tsawo, ka yanke kamar santimita 1 da reza mai kaifi, yanka a miƙe, ka mayar. In ba haka ba, sabo za ka saya.

A nan ne ainihin zaɓin yake, domin roba kala-kala ce, kuma a ido galibinsu baƙaƙe ne. Akwai wadda ake kira EPDM, tana jure zafi da ruwa, amma fetur da baƙin mai suna kumbura ta har ta yi laushi ta zame. Akwai naitiral, wadda ake rubuta wa NBR, ita ce ke jure fetur da mai, sai dai ba ta son zafin da ya wuce ma'auni 100 da 'yan kai. Akwai tiyon silikon, masu launin ja da shuɗi da samari ke so, suna jure zafi har wajen ma'auni 200 kuma ba sa ƙandarewa da wuri, amma fetur yana ratsa su, mai kuma yana sa su gumi. Ina sa tiyon silikon a layin da iska zalla ke bi, ba na sa shi a layin PCV ko na tururin tanki. A can tiyon fetur nake nema, wanda aka buga wa SAE J30 a jiki. Idan ka je kasuwar kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da guntun tsohon a aljihu, ka karanta rubutun jikin sabon, kuma ka auna ramin ciki. Motocin Japan da na Turai da yawa suna amfani da milimita 3.5 a ƙananan layuka. Ka sa mai milimita 4 a wurin, zai shiga cikin sauƙi, kuma wannan sauƙin shi ne yoyon. Tiyon da ya dace sai ka ɗan sha wuya kafin ya shiga. Ka jiƙa bakinsa da ruwan sabulu kaɗan, kada ka shafa masa giris ko baƙin mai.

Yanzu ga wuraren da ake shafa gam ko giris.

Na farko, bakin ƙarfe ko na tagulla da ake murɗawa cikin manifol kamar bol, sannan a cusa tiyo a kansa. Zaren irin wannan baki ba ya rufewa ruf shi kaɗai, yana buƙatar abin cike tsakani. Abin da ya dace shi ne man zare mai PTFE, wato sinadarin da ake yin farin tef na masu famfo da shi, irin su Loctite 567 ko na Permatex. Ka wanke zaren ya bushe, ka bar zagaye biyu na farko babu komai, ka shafa siriri a sauran, ka ɗaure da hannu, sannan ka ƙara da sifana a hankali, domin manifol na alminiyam yana tsagewa in an matsa masa. Farin tef na masu famfo yana iya yi, amma ba na son sa a nan, saboda gutsattsarinsa na yagewa su shige ciki. Wani abin lura kuma, manifol ɗin motocin yanzu da yawa na filastik ne, irin na Corolla da Camry na shekarun baya-bayan nan, kuma irin wannan man zare da ke daskarewa tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana iya tsattsaga wasu nau'ukan filastik. Ka karanta bayan kwalin kafin ka kusantar da shi.

Na biyu, zoben roba da robar da bawul ke zama a cikinta, kamar ta PCV a kan murfin inji ko ta bakin bustar birki. Waɗannan ba gam suke so ba, sabuwa suke so, da ɗan giris na silikon a shafe don ta zauna ba tare da ta yage ba. Giris na silikon daban, gam na silikon daban. Shi giris ɗin ba ya daskarewa kuma ba ya cin roba.

Na uku, inda bakin ƙarfen ya yi tsatsa ko ya sami ƙarzuwa, sabon tiyo ma ya kasa rufe shi, kuma babu halin canja bakin a ranar. A nan kaɗai nake yarda a shafa gam a ƙarƙashin tiyo. In layin na iska ne zalla, silikon na inji ya wadatar, wanda aka rubuta wa "sensor safe" a jiki, wato ba ya ɓata sensa, kamar Permatex Ultra Black ko Ultra Grey. In tururin fetur na bi ta wurin, silikon bai dace ba sam, fetur yana laushe shi ya saki. Sai ka nemi irin wanda ba ya daskarewa kuma yake jure fetur, kamar Hylomar mai launin shuɗi.

Maganar silikon ɗin nan ita ta fi damuna, don haka bari in tsaya a kanta. Silikon ɗin da masu haɗa tagogin alminiyam da gilashi ke amfani da shi ya fi araha, yana ko'ina, kuma yaran gareji suna saurin miƙa hannu gare shi. Ka buɗe bakinsa ka shinshina. In ka ji warin tsami mai hawa hanci irin na ruwan khal, ajiye shi. Tsamin nan yana cin ƙarfe da tagulla, sannan tururin da irin wannan silikon ke fitarwa injin zai zuƙe shi, ya ƙone shi, ya fitar ta salansa, a hanya kuma ya lulluɓe kan sensar oksijin, mai auna hayaƙin da ke fita, da wata farar ƙura. Sensar da ta sha wannan ba ta wankuwa, canja ta ake yi. Mutum ya guje wa kuɗin tiyo, ya faɗa kuɗin sensa, ga mota na shan mai fiye da da kafin ma a gano dalili. Haka nan sufa gulu da gam ɗin nan na minti huɗu: suna ƙandarewa, roba kuwa motsi take yi da jijjigar inji, sai su tsage a wuri guda, kuma ran da za a cire tiyon sai bakin filastik ya karye tare da shi. Baƙin tef na masu wayarin zai iya kai ka gida in dare ya yi maka a hanya, iyakarsa ke nan.

Wajen shafawa, ka goge bakin ƙarfen da sanfefa mai laushi, ka wanke shi da abin wanke kabureta, ka bari ya bushe sarai, domin silikon ba ya kama wuri mai maiƙo. Ka ɗiba da kan yatsa, ka zagaya siriri a jikin ƙarfen, ba cikin tiyon ba, kuma ka bar wajen milimita 3 daga bakin ramin babu komai. Idan ka shafa a cikin tiyon, ƙarfen zai tura shi gaba ya tara shi a hanyar iska. Cusa tiyon har ya wuce ƙullin bakin, ka sa kilif a bayan ƙullin. Na fi son kilif mai sifirin wanda ake buɗewa da filaya, saboda yana bin robar yana matsewa duk lokacin da ta saki. Mai sukuru kuwa a kan ƙaramin tiyo yakan matse gefe guda ya yanke roba. Sannan haƙuri. Saman silikon yana bushewa cikin kamar awa 1, amma cikinsa sai ya yi awa 24. Ka tayar da inji da wuri, bakum zai janye ɗanyen gam ɗin ciki. In mai mota yana sauri, gara a gaya masa gaskiya ya bar ta ta kwana.

Bayan ya bushe sai gwaji. Tayar da inji ya yi zafi, ka fesa ruwa kaɗan a kan kowace mahaɗa kana sauraro. In silon ya canja, akwai sauran yoyo. Wasu suna fesa abin wanke kabureta, yana nunawa sosai, amma yana kama wuta, don haka ba na barin yara su yi shi kusa da salansa ko kwayil. In kana da na'urar karanta kwamfutar mota, ka duba ko ta nuna lambar P0171, wadda ke nufin iska ta yi wa mai yawa, ko P0174 a inji mai layin silinda biyu, kuma ka kalli ƙarin man da kwamfutar ke yi don cike giɓi. In ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, amma ka taka totur ya sauko, iska na shiga ta wani wuri har yanzu. Kada a manta, iskar nan ba ta bi ta filta ba, kuma a lokacin hunturu ƙura take kwasowa kai tsaye zuwa cikin silinda.

Tiyon bustar birki kuwa ba na yi masa faci, ba na shafa masa komai, kuma ba na sa masa tiyon ruwa ko na silikon mai laushi, domin bakum yana iya shanye shi ya manne, birki ya yi tauri a lokacin da ake buƙatarsa. Nasa na musamman ne mai kaurin jiki, wanda ake buga wa SAE J1403. Ka canja shi gaba ɗaya, ka tabbatar ɗan bawul ɗin da ke kan layin yana fuskantar inda ya kamata, wato yana barin iska ta tafi wajen inji kawai. Sannan ka kashe motar, ka taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai ka tayar da inji. Fedar za ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta nutse ba, motar ba za ta fita daga gareji ba sai an sake dubawa.