Darasi na 7: Funfunar saiwa, abokiyar mai lambu

Kowa ya san funfuna. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku a rufe. Amma akwai wata danginta da ke zaune cikin ƙasa, ba ta ɓata komai, taimakon shuka take yi. Masana suna kiran wannan zama maikoraiza, sunan da wani Bajamushe, Albert Frank, ya raɗa a 1885. Mu a nan za mu ce funfunar saiwa.

Tuge albasa ɗaya, ka wanke saiwarta. Za ka ga saiwoyin farare ne, masu kauri, gajeru, ba su da rassa sosai. To da me take tsotso abinci daga nesa? Funfunar ce ke shiga cikin saiwar, ta miƙa zare siriri, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Zaren yana kutsawa inda saiwa ba ta kai ba, ya jawo ruwa da sinadarin fosfaras. Ita kuma shuka ta biya ta da sukarin da ganye ya haɗa. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Ba iri ɗaya ba ce. Ta gero, dawa, wake da gyaɗa cikin saiwa take shiga. Ta itacen doka kuwa naɗe saiwar take yi ta waje, kamar safa. Kabeji da alayyafo ba ruwansu da ita.

Amfaninta ya fi bayyana a ƙasar da ta sha wuya: jigawar da ba ta riƙe ruwa, fadamar da kanwa ta taso mata, ko lambunan bakin rafin Jakara na Kano da ake ba ruwan kwata. A irin nan tana sa shuka ta jure. Amma a kula, ba ta wanke dafin ruwan masana'anta daga latas. Wannan magana ce daban.

Yawan takin zamani mai fosfaras yana sa shuka ta yi watsi da funfunar. Zurfin huɗa yana tsinka zarenta, barin fili ƙwal ba tsiro kuma yunwa ce gare ta. Ni dai na fi son takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

Aiki: a kwamin da ka cire kabeji, shuka wake kafin ka sa albasa, don kabeji ba ya ciyar da funfunar, wake kuwa yana ciyar da ita. Rubuta ranar a littafinka, ka zo da shi aji.