Yadda na rabu da bashin katin banki

Wata 14 ina biyan mafi ƙarancin abin da banki ya ƙayyade, amma sidi 6,000 da ake bina ya ƙi raguwa, domin kuɗin ruwa ne ke cinye yawancin abin da nake biya. Na ci bashin da ake bayarwa ta waya don in toshe wannan, sai nauyin ya ƙaru. Da na zauna na duba takardar asusun layi-layi, na gano cewa kuɗin da nake cira da katin a ATM kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi ruwa ke hawa kansa tun ranar cirewa. Na daina cira, na umarci banki ya riƙa ɗebe sidi 900 ranar da albashi ya shiga, sannan na zuba kwasar adashina gaba ɗaya. Cikin wata 6 na kammala, alhamdulillahi.