Ɗaukar Hoton Zaki a Gidan Zoo: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk bayan Sallah wayata takan cika da hotunan da yara masu koyon ɗaukar hoto suke turo min daga gidan zoo na Audu Bako da ke Kano, kowa da tambayarsa: "Yallaɓai, ya ka ga wannan?" Abin da nake gani kusan iri ɗaya ne. Ragar keji ta fito tas, har tsatsar jikinta ana iya ƙirgawa, can bayanta kuma wani abu ruwan ƙasa a kwance kamar buhun gero. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da ragar, don ita ce ta taɓa ja min asara. Shekarun baya wani mai buga kalanda ya ba ni aikin hoton zaki, har da kuɗin kafin alƙalami. Na wuni a gidan zoo, na ɗauki hotuna masu yawa, a ƙaramin allon kyamara komai yana da kyau. Da na buɗe su a kwamfuta da daddare sai gabana ya faɗi, domin kyamarar ta kama ragar ta bar zakin a dishi-dishi, babu ko ɗaya da zai shiga injin bugawa. Lokaci ya riga ya ƙure wa mutumin, na mayar masa da kuɗinsa, bai kuma sake nemana ba. Har yau abin yana yi min ciwo.

Kyamara ba ta san abin da ka zo nema ba. In ka bar mata zaɓi, abin da ya fi kusa da ita take kamawa. Tun daga ranar nake sa fokas, wato inda kyamara za ta kama ya fito tas, a ɗigo ɗaya, in ɗora ɗigon a kan idon zakin, idon da ya fi kusa da ni. In ta yi gardama sai in kashe na atomatik in murɗa da hannu. Sannan ragar tana ɓacewa ne idan abu uku suka haɗu: dogon madubi, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, kamar mai milimita 200 ko 300, idon madubin da haske ke shiga ta ciki a buɗe sosai, a kan lambar f/4 ko f/5.6, kai kana kusa da raga, shi kuma zakin yana can nesa da ita. Na ukun nan ne yara ba sa ganewa. Da sun ga zaki ya taso ya jingina da raga sai murna, su hau dannawa, alhali a lokacin babu dabarar da za ta raba shi da ita. Jira ya koma ciki. Ka nemi ɓangaren ragar da ke cikin inuwa, don wadda rana ta haska takan bar farin hazo a hoto, ka kuma fuskance ta kai tsaye, kada ka ɗauka ta karkace. Mai waya ya danna yatsa a kan fuskar zakin ya riƙe har fokas ya kulle, ya daina jan zum da yatsu biyu, domin hoton kawai yake yagawa.

Da na ce kusa da raga, ina nufin iyakar inda shinge ya tsayar da kai. Kada ka tsallaka, kada ka miƙa hannu. Namijin zaki kan kai kilo 180 ko fiye, kuma kwanciyar da ka ga yana yi ba ta rage masa zafin nama ba. Mutanen Kano ba su manta watan Oktoban 2019 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce a wannan gidan, aka kwana ana nemansa, hankalin unguwannin Titin Zoo duk a tashe.

Sai lokacin zuwa. Mutum ya yi sallar azahar, ya ci abinci, ya nufi gidan zoo da ƙarfe biyu cikin zafin bazara, sannan ya dawo yana cewa zakin Kano rago ne. Zaki a ko'ina yake, ko a dawa, yakan kwashe wajen awa 20 a kwance kullum, da sanyin safiya da na yamma yake motsi. Wani dattijo da ke kula da namun ya taɓa ganina ina ta zufa da tsakar rana, ya ce, "Malam, ai wannan ba ya fita aikin rana, ka dawo bayan la'asar." Tun daga nan ko dai ina bakin ƙofa da zarar an buɗe, ko in zo la'asar sakaliya, lokacin da hasken ya yi ja ya kwanta a kan gezarsa. Kwanakin Sallah kuwa na iyali ne da yara, ba na aiki ba. Ni Talata ko Laraba nake zuwa.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, kuma ba zan sassauta ba. Ku daina tsokanar dabba don ku sami hoto. Na ga matashi da kyamara mai tsada a wuya yana jifan zaki da tsakuwa wai ya ɗago kai. Na ga masu buga raga da sanda, masu ihu, masu wurga ledar ruwa. Na tare wani na ce, "Samari, da kai ne kana barci a ɗakinka ake jifanka fa?" Ya ce ai hoto kawai yake so. To hoton me za ka samu? Kunnuwa a kwance, ido a tsuke, dabba a takure, kowa ya kalla ya san an zalunce ta. Dabbar nan amana ce, ba ta da inda za ta gudu ta ɓoye muku. In haƙuri ya gagare ka, aikin nan ba naka ba ne, je ka ɗauki hoton biki. Ni nakan zauna wuri ɗaya minti 40, wani lokacin fiye, ido a kyamara. Zakin da ya farka sai ya yi hamma, ya yi miƙa, kuma hammar nan da haƙora a waje ita ce hoton da mutane suke zaton ruri ne. Ka sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/500 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, don abin ba ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku.

Filash ma ka kashe shi. Raga yake haskawa, kuma a bayan idon zaki akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin na kyanwa da daddare, sai idon ya fito kamar tocila.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ɗauka daga tsaye kana kallon ƙasa, durƙusa ka daidaita da idonsa. Duba bayansa kafin ka danna, bokiti ko bangon siminti mai fenti yana kashe hoto. Kada ka yanke wutsiya ko tafin ƙafa a gefen hoto; ko dai ka ɗauke shi duka, ko ka matso fuska kaɗai. Kada kuma ka rubuta a Facebook cewa a daji ka ɗauka, faɗi gaskiya, gidan zoo ne.

Hunturu kuwa ina son sa, domin hazo yana tausasa rana, inuwa ba ta yin kaifi a fuskar zaki. Amma kada ka kuskura ka cire madubi a fili a irin wannan lokaci. Na taɓa yi, ƙura ta shiga cikin kyamara, duk hoton da na ɗauka daga baya da ɗige-ɗige baƙaƙe, sai da na biya aka wanke min. Yanzu tun daga gida nake ɗaura dogon madubin, in nannaɗe kyamarar da tsohon rawani, ba na kwance shi sai na isa gaban kejin.