Kurakuran da kuke ta maimaitawa wurin canza shel a Linux

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Yaro ya saka Ubuntu jiya, yau ya ga hoton taminal ɗin wani mai kaloli ya je ya canza shel, gobe sai ya turo saƙo wai sabar ta ƙi buɗe masa. Abin da ba ku gane ba shi ne shel, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa a taminal, uku ne a injin nan: naka da kake rubutu a ciki, na root (babban asusu mai cikakken iko), da kuma /bin/sh da tsarin kansa yake aiki da shi. Naka kaɗai aka ba ka ka yi wasa da shi.

Wanda ya fi cin raina shi ne taɓa shel ɗin root, don ni ya taɓa ƙona ni. Akwai wata saba da nake kula wa wani mai shago, na canza wa root shel zuwa wani mai suna zsh saboda na saba da shi a kwamfutata, bayan wata biyu ina share tarkace sai na cire zsh ɗin na manta sam, na rufe taminal na kwanta. Da safe SSH, hanyar shiga saba daga nesa, sai Permission denied yake ta ce min, na buga kalmar sirri ya fi sau goma ina zaton hannuna ne ke kuskure, ashe sshd, mai tsaron ƙofar SSH, ba ya barin wanda shel ɗinsa babu shi a faifai ya shiga, kuma ba ni da wani asusun mai sudo (izinin aiki da ikon root). Mai shago yana ta kira, ni kuma gumi. Sai da na tada injin ta yanayin ceto, na ɗora faifan, na buɗe /etc/passwd na mayar da layin root ya ƙare da /bin/bash, wato shel ɗin bash. Rabin yini ya tafi a banza. Tun daga ranar root ɗina bash yake zaune, in ina son zsh sai in shiga in buga zsh da hannu, haruffa uku ne fa. Masu FreeBSD ku ma ku ji, bash ɗinku a /usr/local/bin yake, ba cikin ainihin tsarin ba, ranar da wannan ɓangaren ya samu matsala za ku sha wuya.

Sai masu sauya /bin/sh. Haba jama'a! Ka rubuta sikirif ka sa #!/bin/sh a sama, ka cika shi da [[ ]] da sauran kayan bash, ya ƙi tafiya, maimakon ka gyara layinka ɗaya sai ka je ka karkatar da /bin/sh na injin gaba ɗaya, wani ma har zuwa shel ɗin fish da ba ya bin ƙa'idar POSIX, ƙa'idar da /bin/sh yake bi. Ubuntu ta mayar da /bin/sh wani ƙaramin shel mai suna dash tun sigar 6.10 a 2006, da gangan suka yi don ya fi sauri da sauƙin nauyi, kuma sikirif ɗin saka manhajoji da cron (mai gudanar da ayyuka bisa jadawalin lokaci) duk ta nan suke bi. Ka rubuta #!/bin/bash in bash kake nufi, ka bi ta shellcheck mai duba kurakuran sikirif, shi ke nan.

Ƙananan kuma: kafin chsh -s, umarnin canza shel, ka duba da command -v zsh ka ga ainihin inda yake, ka tabbata yana cikin /etc/shells. Ka canza amma echo $SHELL bai canza ba? Fita gaba ɗaya ka sake shiga, sabon taminal bai isa ba. In PATH ɗinka (jerin wuraren da shel ke neman manhajoji) ya ɓace, ai zsh ba ya karanta .bashrc, kwashe kayanka zuwa .zshrc. Masu Mac, tun Catalina a 2019 zsh ne naku, bash ɗin da ke ciki tsohon 3.2 ne.

Kuma duk sanda za ka yi chsh a saba, ka bar taga ɗaya a buɗe, ka gwada shiga ta wata tukuna kafin ka rufe ta farkon.