Farautar ajiya da GPS: inda sabon shiga ke tuntuɓe wajen zaɓen manhaja

Ga wanda bai taɓa ji ba, Geocaching wasa ne na ɓoyo da nema. Wani ya ɗauki ɗan akwati ko gwangwani, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya ɓoye a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet. Kai kuma ka bi da GPS har ka gano, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka tarar. Abin ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek, jihar Oregon. Yau akwai irin waɗannan ajiyoyi sama da miliyan 3 a duniya, akasarinsu a shafin Geocaching.com.

Wasan ba shi da wuya. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne manhajar da ya ɗora a na'urar hannunsa, kuma kusan duk kurakuran uwarsu ɗaya: a ɗaki ake zaɓen manhaja, ga intanet ga caji, alhali a daji za ta yi aiki.

Na farko dai, gaggawar biyan kuɗi. Mutum bai gano ko ajiya ɗaya ba, ya riga ya sayi rajistar Premium ta shekara a shafin Geocaching.com, wani ma har da na'urar GPS ta kamfanin Garmin. Kafin ka taɓa aljihu, buɗe asusu na kyauta ka dubi taswirar inda kake. Ɗalibin da ke Jamus ko Ingila ko Amurka zai ga ajiyoyi birjik, wasu a bayan tashar bas ɗin da yake hawa kullum. Wanda ke arewacin Najeriya ko Nijar kuwa ƙalilan zai gani, da tazara mai nisa tsakaninsu. In babu abin nema a kusa da kai, manhaja mafi tsada ba za ta haifar maka da shi ba.

Akwai kuma masu bin tsohuwar shawara. In ka yi bincike za ka ci karo da rubuce-rubucen da ke yaba manhajar CacheMate a kan Palm ko Pocket PC. A zamaninsu gaskiya suka faɗa, domin a lokacin mutane kan buga bayanin kowace ajiya a takarda su cika jaka, sai waɗannan ƙananan kwamfutocin hannu suka raba su da wahalar. Amma an daɗe da daina ƙera su. Wayar da ke hannunka ta haɗa aikinsu da na GPS a wuri guda. Duba shekarar da aka rubuta shawara kafin ka bi ta.

To wace manhaja? Mai Android yana da c:geo, kyauta ce, masu sa kai ne ke gina ta. Mai iPhone yana da Cachly. Manhajar kamfanin da ke da shafin Geocaching.com, mai suna Geocaching, tana aiki a duka biyun, kuma ita ta fi sauƙin fahimta ranar farko. Sai dai ga inda mutane ke ruɗewa: kowace ajiya tana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya, kuma mai asusun kyauta masu sauƙi kawai manhajar kamfanin ke buɗe masa. Sai ya ga sauran a kulle ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Kuma a gaskiya, masu sauƙin su ne daidai da kai a makon farko. Ni da za a tambaye ni, ka fara da ta kamfanin har ka gano goma, sannan ka gwada c:geo in Android gare ka. Kada ka ɗora uku rana ɗaya kana tsalle tsakaninsu, ba za ka iya ko ɗaya ba. GSAK kuma da za ka ji tsofaffin hannu na ambata, ta kwamfutar Windows ce, don mai tara dubban ajiyoyi yana tacewa. Ba yanzu ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne fita ba tare da an sauke komai ba. Ni ma na sha shi. Na yi tafiyar kusan awa guda cikin wani daji da sanyin safiya, kibiya tana nuna saura mita 300, sai sabis ya ɗauke. Ɗigon da ke nuna inda nake yana nan yana motsi, amma taswirar ta koma fili fetal, bayanin ajiyar ya ƙi buɗewa. Na tsaya ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne GPS da intanet ba abu ɗaya ba ne. GPS daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ba ruwansa da data. Taswira da bayani da hotuna su ne ke buƙatar intanet. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: manhajar nan tana ajiye taswira da bayanan ajiya a cikin waya? A c:geo za ka iya sauke taswirar OpenStreetMap ta yankinka ka kuma adana ajiyoyin da kake so. A manhajar kamfanin, adana jeri don amfani ba intanet na masu Premium ne. Gwajin kuwa ba ya cin minti biyu: tun kana gida kashe data da Wi-Fi, buɗe ajiyar da za ka nema. In ka ga bayaninta, da satar amsar da mai ita ya bari, da rahoton waɗanda suka je kwanan nan, kama hanya. Rahoton nan kada ka raina shi. In mutum huɗu a jere sun rubuta DNF, wato sun nema ba su samu ba, wataƙila akwatin ya ɓace, kada ka ɓata yininka.

Wanda zai yi amfani da na'urar GPS ta daban, ya kula da irin fayil ɗin da yake zuba mata. Fayil ɗin LOC suna da lambobi kawai yake ɗauke da su. GPX shi ke zuwa da cikakken bayani da satar amsa.

Sai maganar lambobi, wadda ke jefa mutum wata unguwa yana rantsuwa yana daidai. Geocaching.com yana rubuta wuri da digiri da minti. Bokitin Ulmer, misali, yana N 45° 17.460 W 122° 24.800. In manhajarka tana kan tsarin digiri zalla ka rubuta 45.17460, ka kauce da fiye da kilomita 12 ta kudu, domin minti 60 ne ke cika digiri ɗaya, ba 100 ba. Shiga saitin manhajar ka daidaita tsarin tun farko, musamman in za ka riƙa shigar da lambobi da hannu a ajiyoyi masu matakai ko masu wasa ƙwaƙwalwa.

Wasu kuma sukan sauya manhaja don kibiya na rawa. Ba laifinta ba ne. Ko a fili GPS na waya kan kuskure da 'yan mitoci, ƙarƙashin bishiyoyi ko tsakanin dogayen gine-gine abin ya fi haka, kuma wanda ya ɓoye ajiyar shi ma da nasa kuskuren ya auna. In kamfas ya rikice, juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8, ka nisanci mota da ƙarfe. Da ka ga saura mita 10, sa wayar a aljihu ka yi aiki da ido: tarin duwatsun da bai yi kama da na Allah da Annabi ba, sanda a jingine inda bai kamata ba, ɗan maganaɗisu kamar kan yatsa a bayan allon hanya. Ka kuma lura da mutane. Baƙo yana leƙe-leƙe a gindin katanga da waya a hannu abin zargi ne a ko'ina, don haka in an tambaye ka, faɗi gaskiya ka nuna manhajar.

Batir ma yana da nasa. Allo a kunne da GPS suna shan caji kamar rani da ruwan tulu. Rage hasken allo, kashe shi tsakanin ajiya da ajiya, ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka. Ka sa biro a aljihu kuma, domin ƙananan ajiyoyi ba sa zuwa da abin rubutu, kuma mai ajiya yana da ikon goge rahotonka na intanet in bai ga sunanka a takardar ba.